A Ingila kana iya tsare saniyar da ta shigo maka, ban da motar da aka ajiye a ƙofarka

Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na leƙa wasu ƙasashe, mun rubuto shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi ko suna kan hanya da kaya. Ƙasar da muka leƙa Ingila ce, maganar kuwa ta wurin ajiye mota ce. Kar ka ce ina ruwanka, kai da ko keke ba ka hawa. Yi haƙuri ka bi ni, akwai saniya a cikin zancen.

Bari mu fara da fasalin gidajensu. Gidaje da yawa a unguwannin can ba su da doguwar katanga da ƙyaure irin namu, ba zaure, ba dakali. Tsakanin ƙofar gida da titi akwai ɗan fili da aka shafe da siminti ko kwalta, daidai mota ɗaya ko biyu. Filin nan na mai gida ne, yana cikin takardar gidansa. Sai dai a buɗe yake, duk mai mota na iya karya kan motarsa ya shiga.

To ka ɗauka kai ne mai gidan. Ka dawo daga aiki da la'asar, ka tarar da motar da ba ka taɓa gani ba zaune daram a filinka, a kulle, ba kowa ciki. Ka kira ƴan sanda. Abin da galibi za su ce maka shi ne wannan ba laifin da suke kama mutum a kansa ba ne. A dokarsu, shiga filin wani ba izini rigima ce tsakanin mutum biyu, in kana so ka kai ƙara kotu da kuɗinka. Ka kira ƙaramar hukuma, masu rubuta tara a kan titi. Su ma su ce maka ikonsu a kan hanyar jama'a ya tsaya. Da a bakin titi motar take ta tare maka mashiga, da suna iya manna mata takardar tara, akwai dokar 2004 da ta ba su wannan. Amma tunda ta shigo filinka ɗungurungum, ta fita daga hannunsu. Ka ji fa: wanda ya fi yi maka rashin kunya shi ya fi tsira. Inda kawai hukuma take shigowa shi ne in motar yasasshiya ce, an watsar da ita, wannan dokar 1978 ta ɗora musu kwashe ta. Mota mai lafiya da takardunta, wadda mai ita zai dawo bayan magariba, ba ta cikin wannan lissafi.

Na san abin da ke ranka. Ka ce to ni sai in kira janwe a ja ta a jefar a bakin titi, ko in sace iskar tayoyin, ko in kawo tawa motar in gitta a bayanta, in ya dawo ya zo ya roƙe ni. A can duk wanda ka yi a cikin ukun nan, kai ne za ka iya kwana a hannun ƴan sanda. Lalata motar laifi ne dama. Sannan tun 1 ga Oktoba 2012 wata doka ta fara aiki a Ingila da Wels, wadda ta mai da shi laifi mutum ya kulle tayar mota, ko ya ja ta, ko ya tare ta don hana mai ita tafiya, in ba shi da ikon hukuma. Ko da kuwa a filinsa take.

Da jin farko sai ka ce wannan ai zalunci ne. Amma dokar tana da asali. Kafin 2012 masu fili suna da damar sa wa mota dabaibayi. Wani ƙarfe ne mai nauyi da ake maƙala wa taya a sa kwaɗo, motar ba ta motsawa sai an kwance. Sai abin ya zama sana'a. Wasu ƙarti suka riƙa karɓar kwangilar tsaron filaye, su kafa ɗan allon gargaɗi inda ido ba ya kaiwa, su laɓe. Kana juya baya su ɗaure maka taya, su ce sai ka biya ɗaruruwan fam, a hannu, yanzu-yanzu, in ba haka ba janwe na zuwa kuɗin ya ninka. Tsofaffi, mata masu goyo, duk ba wanda suka bari. A Sikotilan tun 1992 kotu ta yanke cewa wannan aiki ƙwace ne da sata. Ingila ta ɗauki shekara 20 kafin ta biyo sahu, kuma da ta tashi hanawa sai ta hana kowa, da ɗan damfara da mai gida na gari. Ni dai a ganina sun yi daidai da suka karɓe sandar, amma sun bar mai gida hannu rabbana, ba su ba shi wata hanya mai sauri a madadinta ba.

Yanzu ga saniyar da na yi maka alkawari. A ƙasar nan dai, akwai dokar dabbobi ta 1971. Ta ce in dabbar kiwo ta ɓace ta shigo filinka ba mai ita a tare da ita, kana da damar tsare ta. Sharaɗi shi ne cikin awa 48 ka sanar da ofishin ƴan sanda, ka sanar da mai ita in ka san shi, kuma ka ba ta ci da sha yadda ya kamata. In ya biya ɓarnar da ta yi da kuɗin kulawa, dole ka sake ta. In aka yi kwana 14 shiru, kana iya kai ta kasuwa ko gwanjo a sayar, ka cire haƙƙinka, ragowar kuɗin na mai ita ne. Dubi yadda aka tsara komai daki-daki. Manomin Ingila ya san abin da zai yi da saniyar maƙwabcinsa tun daga ranar farko har ta goma sha huɗu, amma ɗan birni bai san yadda zai yi da motar baƙo ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: rigimar makiyayi da manomi ta daɗe a can kamar yadda ta daɗe a nan, an sha zama a kanta har aka gano iyakar kowa. Ta mota sabuwa ce.

To su wane ne masu ajiye motocin nan? Akwai masu zuwa kallon ƙwallo, akwai masu shiga jirgin ƙasa. Amma unguwannin da suka fi kuka sun haɗa da waɗanda ke kewaye da manyan asibitoci, kuma nan ne zancen ya fi ban tausayi.

Tun 1948 ganin likita da kwanciya a asibitin gwamnati kyauta ne a Birtaniya, ƙarƙashin hukumar lafiyarsu da ake kira NHS. Ana iya yi maka tiyata ka fito ba ka biya ko sisi ba. Amma a Ingila motar da ta kawo ka sai an biya mata wurin tsayawa, kuma da awa ake lissafi. Kowane asibiti shi ke yanke nasa farashin, da yawa kuma sun miƙa aikin ga kamfanoni. Kyamara ce a bakin ƙofa, tana ɗaukar lambar motarka da shigarka da fitarka. In ka zarce lokacin da ka biya, takardar tara za ta same ka har gida. Kar ka ce ai kamfani ne ba gwamnati ba, ba zan biya ba. Wani mai soya kifi da dankali, Barry Beavis, ya gwada. Ya zarce awa biyun da aka ba shi kyauta a filin wasu kantuna da kusan awa guda, kamfanin ParkingEye ya ci shi tarar fam 85, ya ja da su har Kotun Ƙoli. A 2015 kotun ta ba kamfanin gaskiya.

Matsalar asibiti ita ce ba wanda ya san yaushe zai fito. Wanda ya je kasuwa ya san awa ɗaya ta ishe shi. Wanda ya kawo matarsa tana naƙuda fa? Wanda aka ce ya jira sakamakon gwajin jini? Mutum na zaune a gefen gadon mahaifiyarsa, rabin hankalinsa na kan agogo. Wani lokaci ma kana da kuɗin, wurin ne babu, sai ka yi ta zagaye har lokacin ganin likitanka ya wuce. Ga kuma ma'aikatan jinya da masu shara, waɗanda ke shiga aiki ko tashi a lokacin da motocin haya suka yi ƙaranci, su ma a asibitoci da yawa biya suke. An ɗauke musu a lokacin korona, aka dawo da shi a ƙarshen Maris 2022. Mutumin da ke cikin wannan hali, ya hango fili fayau a ƙofar wani gida, tafiyar minti biyar daga asibiti, ka san sauran.

An gwada magani iri-iri. Wels da Sikotilan sun fara soke kuɗin fakin a asibitocinsu tun 2008. Ingila ta ƙi sokewa gaba ɗaya, sai a ƙarshen 2019 gwamnati ta yi shelar yafe wa rukuni huɗu: naƙasassu, masu zuwa asibiti a kai a kai saboda doguwar jinya, iyayen da ke kwana da yaro marar lafiya, da ma'aikatan dare. Masu kare biyan kuɗin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce in aka mai da wurin kyauta, masu zuwa aiki cikin gari da masu cefane za su cika shi tun da sassafe, majiyyaci ya zo ya rasa. Sun ce gyaran filin da fitilu da masu gadi kuɗi ne, in mai mota bai biya ba daga kuɗin magani za a cira. Kuma gaskiya ne, inda aka soke kuɗin ma kukan rashin wuri bai ƙare ba. Kyauta ba ta ƙara faɗin fili.

Su kuwa masu gidajen, da suka ga doka ba za ta fisshe su ba, kowa ya nemi dabararsa. Wasu sun kafa turken ƙarfe mai kwaɗo a bakin filin, in za su shiga su kwantar da shi. Wasu sarƙa. Wasu unguwannin sun sa ƙaramar hukuma ta hana kowa tsayawa a titinsu sai mai takardar zama ɗan unguwa, sai motocin suka matsa unguwa ta gaba. Masu wayon cikinsu kuwa suka ce tunda ana so, a biya: suna ba da hayar filin ƙofar gidansu ta intanet, ta irin su JustPark, ma'aikaciyar jinya ta kama na wata guda, kowa ya huta.

Malam makiyayi, ai ka gane hoton nan tun ɗazu. In aka nome burtali, aka zagaye mashaya da lambu, garke ba ya ɓacewa, gonar wani zai faɗa. Mai gonar ba shi ya toshe burtalin ba, amma shi ne zai wayi gari da ɓarna, kuma da kai zai yi faɗa, ba da wanda ya sayar da hanyar ba. Haka mai gidan nan na kusa da asibiti yake. Shi ya sa a Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa zirga-zirga da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, tsarin karkara na 1993 kuma ya sa a fara kai irin wannan rigima gaban sarakunan gargajiya a nemi sulhu kafin a je kotu. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin fansar dabbarsa fiye da ɓarnar da ta yi, ya san abin da ya sa Turawan can suka hana dabaibayin mota.

Kai kuma Alhaji mai kaya, da direbanka, taku ta fi kusa. Ranar kasuwa a garuruwan bakin iyaka, ko lokacin da aka rufe boda layin manyan motoci ya miƙe kamar yadda muka gani a 2019 da 2023, ina ake ajiye motocin? Tasha ta cika, sai a gangara cikin unguwa, a tsaya a ƙofar gidan wanda ba a ko yi wa sallama ba. Mu a nan ba ma jiran kotu, mai gida zai fito a yi magana, galibi a rabu lafiya. Inda abin yake zama na rai da mutuwa shi ne in direba ya kulle mota ya tafi da makulli. Lungu ɗaya ne, tirela ta toshe shi, cikin dare mace ta fara naƙuda, ko maciji ya sari yaro, motar da za ta ɗauke su ba ta da ta inda za ta shiga. Ƙofar asibiti ma haka: ƴan kabu-kabu, masu shayi, masu lemo da ayaba, da motar wanda ya ce yanzu zai fito, duk a bakin ƙofa ɗaya da motar ɗaukar marasa lafiya za ta bi. Abin da ake nema a wurinka ba shi da tsada. Ka yi sallama da mai gida kafin ka kashe inji. Ka bar yaron mota da makulli, in ba yaro ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a gilashin gaba. In asibiti ka kawo mutum, sauke shi a ƙofa, ka matsa da motar gaba, sannan ka dawo da ƙafa.

A shiri na gaba layukanmu a buɗe suke. Muna so mu ji daga shugabannin tasha da ƴan kamasho: a garinku, in babbar mota ta toshe lungu da dare kuma ba a ga direba ba, wa ake tasa, kuma minti nawa ake ɗauka kafin a matsar da ita?