Kafin ka sayi sabon batir, ka nemi mitar gwajin wuta

Bara, a tsakiyar zafin watan Afrilu a Maraɗi, motata ta ƙi tashi sau uku a mako guda. Duk wanda na tambaya sai ya ce batir ne ya mutu. Na ɗebi kuɗin cefane na sayi sabo. Kwana biyar kacal, shi ma ya kwanta.

Daga ƙarshe na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Ya ce in tayar da inji, ya ɗauko wata 'yar na'ura mai waya biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan batir. Allon ya nuna 12.1. Ya ce, "Malam, batirinka lafiyarsa lau. Altaneta ce ba ta ba shi abinci." Wato tsohon da na bayar a arhar banza wataƙila bai yi laifin komai ba.

Na'urar ita ce maltimita, masu gyara na ce mata mita kawai. Karanta ta ba wuya. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yakan nuna volt 12.6, in ya sauka zuwa 12.2, kusan rabi ya rage. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai nan ba, a duba altaneta ko bel ɗinta.

Washegari na shiga kasuwa na sayi mafi arha da na gani. Ban yi wata da ita ba na yi kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi: na manta jar wayar a ramin da aka rubuta 10A, na ɗora a kan batir. Tartsatsi ya tashi, roba ta yi wari. Da na buɗe ta, ashe ramin nan ba shi da fiyus ko ɗaya. Allah ya kiyaye ba wutar soket mai volt 220 na taɓa ba.

Saboda haka abu na farko da nake dubawa yanzu shi ne fiyus. Wasu ƙananan mitoci an rubuta a jikinsu ƙarara cewa ramin 10A ba shi da kariya. Ka bar su. Mai kyau tana da fiyus a duk ramin auna amfiya, kuma na tangaran mai yashi a ciki ya fi na gilashi, don yana kashe tartsatsin. Wannan ramin za ka buƙata ranar da batir ke zubewa cikin dare: mota a kashe, in tana jan fiye da miliamfiya 50, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, sau da yawa rediyon da aka haɗa ba daidai ba.

Na biyu, alamar CAT. Ga wutar mota da gyaran rediyo ko fitilar sola, CAT II ta wadatar. Mai taɓa akwatin wutar gida ya nemi CAT III. Sai dai rubutu ba ya wuyar bugawa, jabu ma na ɗauke da shi. In aka miƙo maka Fluke a kuɗin tocila, ka san ba ita ba ce. UNI-T ta ƙasar Sin tana cikin masu sauƙin kuɗi da ke yin aikin.

Na uku, ƙarar gwajin waya. Kana kwance ƙarƙashin sitiyari kana neman inda waya ta tsinke, ba ka da idon kallon allo, kunne ne zai yi aiki. Sannan ka zaɓi wadda ke daidaita ma'auni da kanta. Mai aiki da inbata ko janareta ya ƙara neman rubutun True RMS, domin wutarsu ba kullum take da tsabta ba, kuma mita maras shi takan ba da lambar ƙarya.

Kada ka biya sai ka gwada a gaban mai shago. Haɗa bakin wayoyin biyu: ƙara ta fito nan take, allon kuma ya nuna ƙasa da om ɗaya. Lanƙwasa wayar ka ga ko lambar na rawa. Auna sabon batirin tocila, ka ga kusan 1.6. In ka kai gida, da zarar alamar ƙarewar batirin mitar ta fito ka canza shi, in ba haka ba lambobinta sai su fara kaucewa.

Wadda nake riƙe da ita yanzu kuɗinta bai kai rabin na batirin da na saya a banza ba. Tana cikin mota tare da jak da sifana. Makon jiya maƙwabcina ya zo aron kuɗin batir. Na ce, "Alhaji, buɗe bonet tukuna." Kan batirin ne ya yi tsatsa. Muka kankare, mota ta tashi.