Baƙo Ɗaya, Masauki Biyu: Ba'amurke a Kwarin Majiya da a Ƙasar Sin

A shekarar 1962 ƙungiyar Peace Corps, wadda shugaba John Kennedy ya kafa a 1961, ta fara turo samari da ƴan matan Amurka zuwa Nijar. Ƙasar Sin kuwa ba ta buɗe mata ƙofa ba sai a 1993. Baƙon iri ɗaya ne: yaro ne da bai daɗe da gama jami'a ba, an yanka masa shekara biyu, an ba shi ɗan kuɗin cefane, an ce ya koyi harshen mutane ko ya kwana da yunwa. Masu masaukin ne suka sha bamban. Wanda ke son sanin irin kallon da Sinawa ke yi wa Ba'amurken da ya shigo ƙasarsu, to ya jera shi da kallon da mutanen Buza da Madawa da Keita suka yi wa nasu.

A nan ƙasar Adar da Majiya, da anasara ya sauka sai a kai shi gaban maigari. A ba shi ɗaki, a kewaye masa da zana, kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna, ya zama Sani ko Hadiza. Yara su bi shi duu har bakin rijiya. Tsofaffin mata kuwa tausayinsa suke ji, don a wurinsu wanda ya baro uwa da dangi ya zo ya zauna shi kaɗai, ba mata ba ɗa, maraya ne ko da aljihunsa cike yake. Sai ka ga kwanon tuwo ya shigo daga wannan gida, ƙwaryar fura daga wancan. Idan ya gurɓata gaisuwa a yi dariya a gyara masa. Da wuya ka ji an ɗora masa alhakin abin da gwamnatinsa ke aikatawa a wata nahiya. Abin da ake aunawa shi ne ko yana zuwa gaisuwar mutuwa, ko yana zama a tabarma. Baƙonka Annabinka, haka aka taso ana ji, kuma haka aka yi.

A Sin, tun kafin baƙon ya tashi daga gida an riga an shata masa iyaka. An fara shirya zuwan nasu a ƙarshen shekarun 1980, rikicin dandalin Tiananmen na 1989 ya dakatar da maganar, sai bayan shekara huɗu rukunin farko ya sauka a lardin Sichuan. Ko sunan ƙungiyar hukumomin Beijing ba su yarda a yi amfani da shi ba, saboda a zamanin Mao an daɗe ana gaya wa jama'a cewa karen farautar Amurka ce. Sai aka kira su masu aikin sa kai na abotar Amurka da Sin. Babban aikinsu kuma shi ne koyar da Turanci, yawanci a kwalejojin horar da malamai na yankunan yamma da ba su da wadata, irin su Sichuan da Chongqing da Guizhou da Gansu. Kowace makaranta tana da ofishin kula da baƙin waje, shi ke ba da masauki, shi ke shirya walima, shi ne kuma ke sa ido.

Kada a ɗauka talakan Sin ba shi da fara'a. Peter Hessler, wanda ya koyar a garin Fuling a bakin kogin Yangtze daga 1996 zuwa 1998, ya rubuta littafin River Town a kan zamansa, kuma abin da ya bayyana ba baƙo ba ne a wurinmu: jama'a na taruwa su zuba masa ido yana cin abinci, ana ƙwala masa kira a titi, an ba shi sunan Sinanci, ɗalibansa ƴaƴan manoma suna girmama shi irin girman da almajiri ke ba malaminsa. Sai dai a bayan fara'ar akwai wani lissafi da babu shi a Majiya. Basine yana kallon Ba'amurke ne a matsayin ɗan ƙasar da yake so ya kamo, ya kuma wuce. Yana sha'awarsa, yana kishinsa, kuma bai mance tarihin wulaƙancin da Turawa suka yi wa ƙasarsa tun yaƙin da Ingila ta ƙaddamar a 1839 ba, don ana karantar da shi a makaranta. Shi ya sa baƙo a can ba ya rabuwa da tutar ƙasarsa. A watan Mayu na 1999, da jiragen Amurka suka jefa bom a ofishin jakadancin Sin da ke Belgrade suka kashe ƴan jarida uku, masu zanga-zanga a Chengdu, babban birnin Sichuan ɗin nan, sun cinna wa gidan ƙaramin jakadan Amurka wuta.

In da ni ne baƙon, Buza zan zaɓa, ba sai na yi shawara da kowa ba. Amma in ana maganar ribar mai gida, dole a sara wa Sinawa. Sun san abin da suke so, Turanci ne, don ƴaƴansu su karanta ilimin duniya su yi ciniki da ita, kuma shi suka tatsa daga malamai fiye da 1,300 cikin shekara 27. Mu kuwa sau da yawa baƙon ne ke zuwa da tambayar da amsar: bana lambu, baɗi murhun laka, wata shekara awon jarirai. Ya tafi, wani ya zo da nasa.

Inda aka saɓa wa wannan al'ada, ga shi nan tsaye har gobe. Bayan farin farkon shekarun 1970, iska na kwashe ƙasar noma a kwarin Majiya tana binne shuka. Ma'aikacin gandun daji na Buza, Daouda Adamou, shi ne ya san ciwon ya kuma san maganin. Ya haɗa kai da wani ɗan Peace Corps suka nemi kuɗi wurin ƙungiyar CARE, aka fara dashe a 1975. Layi biyu-biyu na dogon yaro, tazarar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, an gitta su a gaban iskar gabas, har suka kai ɗaruruwan kilomita, gero kuma ya ƙara auki a tsakaninsu. Ba a rasa ƙorafi ba, don an sa masu gadi sun hana dabbobi shiga, makiyaya da matan da ke kiwon awaki suka ji a jikinsu, daga baya kuma aka yi ta muhawara a kan mai itacen in an sare. Duk da haka aikin ya zauna, domin ɗan gida ne ya ce wa baƙo ga inda za ka kama mini. 

Tafiyar baƙon ma darasi ce. A Janairun 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai an kashe su, Peace Corps ta kwashe mutanenta daga Nijar cikin ƴan kwanaki, bayan fiye da mutum 3,000 sun yi aiki a ƙasar. Wasu ko sallama da maigari ba su samu yi ba. A Sin ma Washington ce ta rufe shirin a 2020. Amma Beijing ba ta zauna jiran tsammani ba: a Nuwamban 2023, a San Francisco, shugaban Sin Xi Jinping ya ce zai gayyato matasan Amurka 50,000 cikin shekara biyar. Shi ya faɗi adadi, shi ya faɗi wa'adi.

Yanzu kuma Sinawan ne baƙinmu. Tecno da Itel ɗinsu na aljihun mai albasa a kasuwar Madawa, bututun man da suka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara aiki a 2024. Suna zaune a bayan shinge, ba su neman a raɗa masu suna. Sai a watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka sallami manyan jami'ansu uku na harkar mai, ana ƙorafin tazarar albashi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa, fiye da shekara 13 bayan matatar Damagaram ta fara tace mai.