Makaho Da Sabon Ɗan Jagora

Kowa ya san yadda makaho ke tafiya a garuruwanmu: sanda a hannu, yaro a gaba yana riƙe da bakinta. Sau da yawa yaron nan ya isa shiga makaranta, amma jagora ta tsare shi. In kuwa ya shiga, sai uban ya yini zaune a zaure. To, ilmin zamani ya kawo wata dabara mai rage wannan wahala, wadda ake kira GPS. Ya kamata malamai da ma'aikata su san amfaninta da iyakarta, gama su za a zo a tambaya.

Sojan Amurka ne suka ƙago ta. Sun harba tauraron ɗan adam na farko domin wannan aiki a 1978, suka cika 24 a 1993. Taurarin suna can sama, nisan kamar mil 12,500, kowanne yana kewaya duniya sau biyu kullum, yana aiko da saƙon lokaci da na wurin da yake. In wayar hannu ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar kowanne, ta lissafa inda take. Da fari da gangan aka gurgunta saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kan kai yadi 100. Sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni aka daina. Wajen lokacin nan ne Mike May, wani Ba'amurke da ya makance tun yana ɗan shekara 3, ya kafa kamfanin Sendero, wanda ya fitar da na'urar GPS mai magana domin makafi.

Yau aikin ya koma cikin waya, ga kuma yadda mai koyo zai fara. Da farko sai ya iya sarrafa wayar da kunne. A iPhone akwai VoiceOver tun 2009, a Android kuwa akwai TalkBack, dukansu suna karanta abin da yatsa ya taɓa. Wanda bai ƙware da wannan a ɗaki ba, kada ya fita titi da ita. Bayan haka ya zaɓi manhaja guda. Akwai BlindSquare ta ƙasar Finlan, wadda ta fito a 2012, ana sayenta, a iPhone take aiki. Akwai kuma Lazarillo ta ƙasar Cile, ita kyauta ce a wayoyin duka biyu. Aikinsu shi ne su faɗi sunan titi, da mararrabar da ke gaba, da kantuna ko ofisoshin da ke kusa. Su kan nuna gefe da lissafin agogo, watau ƙarfe 12 gaba ke nan, ƙarfe 3 dama, ƙarfe 9 hagu.

Gwajin farko lalle ya zama a hanyar da mutum ya riga ya haddace, kamar daga gida zuwa kasuwa, tare da mai ido a gefe. Ta haka zai gane lokacin da wayar ta yi daidai da lokacin da ta yi kure. Ya kuma ajiye alama a cikinta a ƙofar gidansa, da tasha, da asibiti, ya sa musu sunayen da zai tuna. Kada ya toshe kunnuwa biyu da abin saurare, domin kunne ne ke gaya masa mota na tafe.

Amma fa a lura da iyakarta. Ko a fili sarari wayar ta kan yi kuskuren kamar yadi 5, a tsakanin dogayen gine-gine da matsattsun lunguna kuwa ya fi haka. Yadi 5 ya isa ya raba ƙofar gida da kwata. Ba ta ganin rami, ba ta ganin babur da aka jingine a hanya. Saboda haka ita ta kan kawo mutum kusa, sanda ce ke ƙarasa shi. Wanda ya yar da sandarsa don ya sami waya ya yi wauta.

Saura kuma aikin masu ido. Wayar ba ta faɗin abin da babu a taswira, alhali kuwa lunguna da yawa na tsofaffin biranenmu ba a rubuta sunayensu ba. Taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004 kuma BlindSquare ke amfani da ita, kowa yana da izinin ƙara mata. Akawun da ya san unguwanni, da malamin da ke da almajirai masu ƙwazo, suna iya shigar da makaranta da rijiya da ɗakin shan magani. Haka kuma yawancin manhajojin nan da Turanci suke magana, mai koyo yana bukatar wanda zai zauna da shi ya fassara masa kalmomin farko. Duk malamin da ya ba da maraice biyu ko uku ga wannan, wataƙila ya 'yanta yaro guda zuwa aji, ya kuma mayar wa dattijo guda da ƙafarsa.