Hunturu: Dokin gida ya fi buƙatar harawa da ruwa a kan mudun dawa

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, masu dawaki a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi kan shiga lissafin abin da za su ciyar da su har zuwa faɗuwar damina. Daga Kaoje da Zagga zuwa Illo da Lolo da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, doki abin ado ne na sarauta da hawan Sallah, kamar yadda yake a ƙasar Bargu ta tsallaken iyaka, inda mahaya ke cika garin Nikki lokacin bikin Gani. Wannan ƙauna ce ke sa wasu su riƙa ɗura wa doki hatsi safe da yamma, suna ganin gata suke yi masa.

Sai dai dokin da aka haifa a wannan yanki, musamman ɗan gajeren nan da ake kira ƙuru, ya gaji juriya daga kakanninsa da suka rayu a kan ciyawar fadama da ta tudu. Abinci kaɗan ke riƙe jikinsa. Idan yana ɗaure a turke, ba a hawansa sai jefi-jefi, hatsin da ake ba shi kitse yake zama, wani lokaci kuma ya zama cuta.

Dalilin yana cikin halittarsa. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15, kuma doki ba ya iya amai. An halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, har kusan awa 16 a rana idan an sake shi. Idan ya haɗiye dawa mai yawa a lokaci guda, wadda ba ta narke ba sai ta wuce babban hanji ta yi tsami. Daga nan ake samun murɗawar ciki, ko kumburin cikin kofato, wanda ke sa doki ya tsaya yana jingina nauyinsa a ƙafafun baya saboda zafi. Wanda ya kamu da wannan na biyun sau da yawa ba ya komawa daidai.

Ma'aunin da likitocin dabbobi ke amfani da shi mai sauƙi ne: busasshiyar ciyawa mai nauyin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin dokin a kowace rana. Ke nan dokin da ya kai kilo 300 zai ci kilo 4 da rabi zuwa 6. A raba masa kashi uku ko huɗu, a bar mafi yawa na dare, domin narkewar ciyawa a hanji na samar da ɗumi, shi ne bargonsa a daren sanyi.

Harawar wake da ta gyaɗa su ne jigo, amma suna da ƙarfi, don haka a gauraya su da ingirici na kyasuwa ko wata busasshiyar ciyawa mai laushi. Karan shinkafa, wanda ke yashe a fadamun Kogin Kwara bayan girbi, yana cika ciki amma amfaninsa kaɗan ne, kuma yana iya toshe hanji idan ruwa ya yi ƙaranci. A sa shi kaɗan cikin haɗi kawai. Harawar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, komai tsadar da aka sayo ta.

Dusa ma tana da nata tarkon. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma ya yi kaɗan, shi ya sa dokin da ya daɗe a kan dusa zalla ƙashinsa ke rauni, har fuskarsa ta kumbura. Harawa ce ke cike wannan giɓi. Ɗan tafin dusa da aka jiƙa ya isa a zuba gishiri cokali ɗaya ko biyu a ciki. Kanwa da aka saba bayarwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma ba a cika ta.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ruwa. Saboda sanyi, doki kan rage sha, alhali abincinsa duk busasshe ne, iskar kuma tana busar da jiki. Yana buƙatar lita 20 zuwa 30 a rana ko fiye. Ruwan da ya kwana a waje ya yi sanyi ƙarara, a surka shi, ko a jira hantsi. A kuma yayyafa wa harawa ruwa don kwantar da ƙura, a zuba ta a komi ko kan buhu, domin rairayin da doki ke haɗawa da abinci daga ƙasa taruwa yake yi a hanji.

To, yaushe za a ba da hatsi? Hannu ne alƙali. Tun 1983 wani masani a Amurka, Don Henneke, ya tsara ma'aunin ƙibar doki daga 1 zuwa 9, kuma 5 ce matsakaiciya: a shafa haƙarƙari a ji su, amma ido bai gan su ba. Idan sun fito fili, ko dokin na aiki kullum, ko goɗiya ce mai shayarwa, ko tsoho ne mai matsalar haƙori, a ƙara dawa ko gero kaɗan-kaɗan, cikin kwana 7 zuwa 10, bayan an tabbatar ba tsutsar ciki ke ramar da shi ba. Idan kuwa sai an danna kafin a ji haƙarƙarin, wuya ya yi tozo, a janye hatsin gaba ɗaya, a riƙa fita da shi kilisa.

Harawa ta fi araha a makonnin girbi, kafin a ɗora ta kan bishiyoyi da rufin ɗakuna ana jiran ta yi daraja. Kuɗin buhun dawar da za a saya wa doki mai ƙiba, gara a zuba shi a harawa tun yanzu, kafin bazara.