Daga Goyo Zuwa Lakwal: Yaro Ɗan Shekara 3 Zuwa 6

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci maza da mata, musamman na gundumomin Tasawa da Mayahi cikin jahar Maraɗi, tun daga Korgom da Maijirgi har Kanambakashe da Isawan. Darasinmu na yau a kan yaron da aka yaye ne, amma bai isa shiga lakwal ba.

Ku duba da kyau. Jariri yana bayan uwarsa, kowa yana ganinsa. Ɗan lakwal yana gaban mushe, ana kiran sunansa kowace safiya. To, na tsakiya fa? Shi an yi masa ƙane, an sauke shi daga goyo, wani ma an kai shi wurin kaka. Ya shiga cikin yaran unguwa, ba mai lura da shi sai in ya yi kuka ko ya yi ɓarna. Alhali masana sun gano cewa kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 9 cikin 10 na girman ta babban mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidanku shi ne makarantarsa ta fari, ku ne kuma malamansa.

1. Alamun girma

Ɗan shekara 3 yana gudu, yana hawan turmi, yana cin tuwo da hannunsa. Ya san sunansa, yana haɗa kalmomi uku ko huɗu. Haƙoransa na nono sun cika 20.

Ɗan shekara 4 yana tsayawa da ƙafa guda, yana gwada langa. Yana ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, har da ƙari. Wannan ƙari ba ƙaryar manya ba ce, hankalinsa ne ke koyon tsara labari.

Ɗan shekara 5 yana sa rigarsa da kansa, yana ƙirga har 10. In ya zana mutum a ƙasa, za ku ga kai da hannuwa da ƙafafu. Ana iya aikensa maƙwabta ya dawo da amsa.

Wajen shekara 6 yakan fara famfara. Haƙoran gaba su zube, na girma su fito.

Hatsin gona guda ba ya fidda kai rana guda. Haka yara suke, wani ya riga wani. Amma akwai alamun da ba a jira da su. In yaro ya kai shekara 3 ba ya haɗa ko kalma biyu, ko a kira shi ta baya bai waiwaya ba, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko ya manta abin da ya riga ya iya, ku kai shi likita. Kada ku tsaya kan cewa iska ce ko taurin kai. Sau da yawa kunne ne, domin sanƙarau da ƙyanda sukan bar ma yaro kurumta. Yaron da ba ya ji sosai yakan sha duka a banza.

2. Ku yi magana da shi

Wannan shi ne lokacin tambaya. Me ya sa rana ke faɗuwa? Ina ruwan rijiya yake fitowa? Uwa tana daka, uba ya dawo daga gona a gajiye, sai a ce masa: "Rufa mana baki!" Yaron da kullum ake rufe masa baki a gida, ranar da mushe ya tambaye shi ba zai buɗe ba.

Koyar da shi ba ya bukatar kuɗi ko littafi. In awaki sun dawo da marece, ku ƙirga su tare. In ana ɗaurin hatsi, ya ƙirga dammuna. Ku nuna masa fari da ja da baƙi a jikin zane, babba da ƙarami a cikin ƙorai. In za ku aike shi, ku fara da saƙo guda, bayan ƴan watanni ku haɗa masa biyu: ya kai ludayi, ya karɓo gishiri. In kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, washegari a ce shi ma ya maimaita.

Akwai maganar ɗan fari. Al'adarmu ce uwa ta yi kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kunyar suna daban, rashin magana daban. Ki kira shi da laƙabin da kika saba, ki yi hira da shi cikin ɗaki. Kaka da goggo su cike abin da ya rage.

Kai kuma maigida, in ka tafi cin rani bayan girbi, idan ka bugo waya gida kada ka tsaya kan gaisuwar manya kaɗai. Ka ce a ba yaro, ka tambaye shi abin da ya yi yau.

Ku yi masa magana da harshen gida, kada ku ji tsoron zai hana shi Faransanci. Tun 1973 ƙasarmu ta buɗe makarantar gwaji ta fari a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa. Wanda ya ƙware a harshen uwarsa, koyon na biyu yakan zo masa da sauƙi.

3. Wasa aikinsa ne

Yaran gulbin Kaba ba su rasa kayan wasa. Ga kaba, ga ƙwallon goriba, ga kara, ga laka. Mai ƙera motar kara da mai yin tuwon ƙasa da ƴar tsana duk aiki suke yi. Yatsun da suka saba da carafke da zane a rairayi su ne za su riƙe alli gobe.

Sai dai a sa ido. Da damina tabkunan Tasawa da kududdufan gari sukan cika, ɗan shekara 4 kuwa bai san zurfi ba. A rufe bakin rijiya. A ɗaga maganin ƙwari da kwalbar fetur inda hannunsa ba ya kai. Yarinya ƴar shekara 5 tana iya taya uwarta raino, amma ba a bar mata jariri da murhu a tafi gona ba. Ita ma yarinya ce.

4. Cimaka da lafiya

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abincin yini a zama guda. In an haɗa shi kwano ɗaya da manyan yara, kafin ya kai loma uku sun share. A zuba masa nasa daban, sau uku a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Fura da ruwa kaɗai ba ta isa ba. A sa nono, a ba shi wake da ƙuli-ƙuli da tamaka da miyar kuka, da ƙwai in an samu. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci.

Tun 2013 aka fara raba ma yara maganin rigakafin masassarar cizon sauro a ƙasarmu lokacin damina, daga ɗan wata 3 har wanda bai cika shekara 5 ba. Ana shan shi kwana uku a jere kowane wata. Na ranar fari ma'aikaci ke ba yaro, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa. Kada a ajiye shi, kada a raba ma wani. A 2006 ne kuma gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocinta. Saboda haka in jiki ya yi zafi, kada a kwana biyu ana jira. Uwar da aka ba abin awon damtse ta riƙa aunawa: in ya nuna rawaya ko ja, tamowa ce, sai likita.

Yaron wannan shekaru yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, cikin gidan sauro. In ya yi fitsarin kwance, kada a doke shi, kada a tara masa yara su yi masa dariya. Ba da gangan yake yi ba, yawanci kuma yakan bari da kansa.

5. Takarda da lakwal

A da, in an zo ɗaukar ƴan lakwal, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa. Yau takardar haihuwa ake tambaya. Ba kowane yaro ake kora ba don rashinta, amma ranar jarrabawa za a neme ta. Wanda bai yi ma ɗansa ba, ya je wurin maigari ko ofishin magajin gari tun yanzu, a nuna masa hanya.

Dokar ilimi ta 1998 ta sa makarantar ƙananan yara, wadda ake ce ma jardan, cikin tsarin karatun ƙasa. Inda akwai ta, ku kai su. Inda babu, uwaye da kwamitin makaranta suna iya shawara a kafa rumfa. Makarantar allo ma tana koya masa zama da saurare. In Oktoba ta zo kuma shekarunsa sun kai, a rubuta shi. Ɗiya mace ma a rubuta ta. Tallan goro da raino ba za su karanta mata takardar likita ba ranar da ta zama uwa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Yara nawa ne a gidanku tsakanin shekara 3 da 6? Nawa ne ke da takardar haihuwa? Wa ke yi masu tatsuniya? Wane wuri ne mai haɗari ga yara a garinku, kuma me za ku yi a kansa?

Kowa ya rubuta sunan yaro guda da shekarunsa a kayensa, ya kawo ma malami. Allah ya raya mana su, ya sa masu albarka. Sai mun haɗu a darasi na gaba.