Tsuke Bakin Aljihu: Kukan Ma'aikaci da Shirun Manomi a Agye, Gazawa da Gidan Runji

Babbar hanyar mota mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana ratsa Gidan Runji kafin ta iso Maraɗi, sa'an nan ta bi ta Agye da Gazawa ta shiga Tasawa. Waɗannan gundumomi uku suna cikin wuraren da jama'a ta fi cunkosa a ƙasar Nijar. Bisa ƙidayar shekarar 2012, mazaunansu sun haura dubu 900. Galibinsu manoma ne da makiyaya, masu noman hatsi, dawa, wake, gujiya da aya. Masu ɗaukar albashi a cikinsu kaɗan ne: malaman makaranta, ma'aikatan gidan likita, malaman gona, da ma'aikatan ofisoshin hukuma.

Duk sa'ad da aka ba da labarin yajin aiki da zanga-zangar da aka yi a ƙasar nan saboda matakan tsuke bakin aljihu, sunan Yamai ake fara ji, sa'an nan na sauran manyan garuruwa. Amma su matakan ba su tsaya a birni ba, sun biyo wannan hanya har cikin rumbun manomi. Tarihin shekarun 1980 zuwa 2005 ya nuna cewa ma'aikaci da manomi kaya ɗaya suka ɗauka. Bambancin shi ne, ma'aikaci yana da ƙungiyar da ke magana da yawunsa, manomi kuwa ba shi da ita.

Mafarin matsalar

Abin da ake nufi da tsuke bakin aljihu shi ne gwamnati ta rage kuɗin da take kashewa, ta kuma ƙara wanda take karɓa daga jama'a, domin abin da ke shiga baitulmali bai kai abin da ke fita ba. Kowane magidanci ya san wannan hali. Tambayar da ke haddasa rigima ita ce: a cikin gidan, kwanon wa za a rage?

A shekarun 1970 aljihun gwamnati ya cika da kuɗin ƙarfen yuraniyom. An soma haƙarsa a Arlit a 1971, aka ƙara da mahaƙar Akuta a 1978. Gwamnatin Seyni Kunce ta soke harajin kai da ya daɗe yana wahalar da talakawa, ta gina makarantu da hanyoyi, ta ɗauki ma'aikata da yawa, ta kuma ci bashi mai nauyi daga waje da zaton cewa kasuwar za ta ɗore. A farkon shekarun 1980 farashin ƙarfen ya faɗi, domin ƙasashen Turai da Amurka sun rage gina tashoshin wutar nukiliya. Kuɗin ya ragu, bashin kuwa yana nan.

A 1983 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI. A 1984 ruwan sama ya ɗauke, kuma a watan Afrilu na wannan shekara Najeriya ta rufe kan iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Wannan ya sa mutanen yankin Maraɗi suka laƙaba wa yunwar lokacin suna El Buhari, da sunan shugaban da ya rufe iyakar. A 1986 Bankin Duniya ya ba da rance bisa sharaɗin a sake fasalin tattalin arziki: a rage tallafi, a rufe ko a sayar da kamfanonin gwamnati masu faɗuwa, a taƙaita ɗaukar ma'aikata.

Abin da manomi ya rasa

Kafin wannan lokaci akwai hukumomi huɗu da ke tsaye tsakanin manomi da kasuwa. SONARA, wadda aka kafa a 1962, ita ke sayen gujiya. UNCC ke kula da ƙungiyoyin manoma. CNCA ke ba da bashin garma, shanun noma da taki. OPVN kuwa, wadda aka kafa a 1970, tana sayen hatsi da kaka ta ajiye, ta fito da shi lokacin tsada domin a sauke farashi.

Waɗannan hukumomi ba su rasa aibi ba. Bashi ya yi musu katutu, an yi sakaci da dukiyarsu, manoma da dama ba su maido abin da suka ranta ba, kuma manoman kansu sun sha kokawa da ƙaramin farashin da ake yanka musu. Gujiyar ma ta riga ta karye tun bayan farin 1973 da cutar da ta cinye ta a 1975. Saboda haka cikin shekarun 1980 aka rushe UNCC, bashin CNCA ya tsaya, SONARA ta rufe, aka kuma taƙaita aikin OPVN ga ajiyar cimakar ko-ta-kwana, aka bar cinikin hatsi a hannun ƴan kasuwa.

Illar ita ce ba a kafa wani abu a madadinsu ba. Manomin da ke bukatar iri ko kuɗin biyan wata lalura sai ya nufi ɗan kasuwa, ya ranci buhu da damina ya biya fiye da haka da kaka. A kudancin Maraɗi, inda gonaki suka ƙanƙance saboda yawan jama'a da rabon gado, wannan ya kai mutane da yawa ga jinginar da gona, daga nan kuma ga sayar da ita.

Manomi ba shi da ikon yajin aiki, domin in ya ajiye hauya iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Amsarsa ga tsanani ita ce ya sayar da akuya, ya rage tuwon dare, ya tura samarin gidansa cin rani Katsina, Kano ko Legas. Irin wannan amsa ba ta rufe ofishi ko ɗaya, shi ya sa ba a cika jin ta a Yamai ba.

Ɗalibai da ƴan ƙwadago sun tashi

A zamanin Kunce, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, USTN, ba ta da sukunin ja da hukuma. Bayan rasuwarsa a watan Nuwamba na 1987, Ali Saibu ya sassauta mulki, baki ya buɗe. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a suka fito a Yamai suna ƙin wani shirin gyaran ilimi da aka tsara da Bankin Duniya, wanda zai rage musu tallafin karatu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kenedi, ɗalibai uku suka rasu.

Daga ranar ɗalibai da ma'aikata suka haɗa kai. A watan Nuwamba na 1990 USTN ta kira yajin aikin gama-gari na kwana biyar, tana neman a janye matakan tsimi, a kuma ba jama'a ikon kafa jam'iyyu. Ranar 15 ga wannan wata Shugaba Ali Saibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Babban Taron Ƙasa, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, a ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu, ya yi watsi da shirin FMI da Bankin Duniya.

Sai dai ƙin shan magani bai warkar da cutar ba. Masu ba da rance suka janye hannu, baitulmali ya bushe, albashi ya soma makara wata da watanni. Gwamnatin da aka zaɓa a 1993, ta Shugaba Mahaman Usman da firaminista Mahamadu Isufu, ta koma ga rage albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa, wanda a da yake daidai da sefa 50, ya koma sefa 100. Magani, tufafi da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. USTN ta nemi ƙarin albashi, ta shiga yajin aikin da ya ɗauki kusan wata biyu a tsakiyar shekarar.

Wannan gwagwarmaya ta shafi karkara ta hanyoyi biyu. Malamin makaranta a wani ƙauyen Tsibiri ko Gangara, in albashinsa ya makara, mai kanti da mai sayar da hatsi ne ke ɗauke da bashinsa, ga kuma dangin da ke jiran abin da zai aika musu. In kuma ya tafi yajin aiki, ɗan manomi ne ke zaune gida ba karatu. Cikin shekarun 1990 aka soma karɓar kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati, kuma zuwa ƙarshensu aka soma cika ajujuwa da malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi. Bukatun da ƙungiyoyin ƙwadago ke kai wa teburin shawara kuwa galibi na masu albashi ne: bashin albashi, ƙarin girma, kuɗin fansho. Farashin tiyar hatsi da bashin manomi ba su cika samun wuri a takardar ba.

Shekarar 2005

A shekarar 2005 ne kukan birni da na karkara suka haɗu. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango kuma suka yi ɓarna a wurare da dama. A watan Janairu, domin ƙara kuɗin shiga kamar yadda aka shirya da FMI, gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu da firaminista Hama Amadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki.

Ƙungiyoyin farar hula, na kare masu saye, da na ƙwadago suka kafa haɗakar yaƙi da tsadar rayuwa, Nuhu Arzika na kan gaba. Ranar 15 ga Maris dubban mutane suka yi jerin gwano a Yamai. Ranar 22 ga wata aka yi zaman gida, kasuwanni ba su ci ba, motocin haya ba su fito ba. Boren ya kai Maraɗi, Tawa da Damagaram. Hukuma ta kama jagorori biyar, Nuhu Arzika, Moru Amadu, Mustafa Kadi, Kasum Isa da Musa Cangari, bisa zargin yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa. Jama'a ba ta ja da baya ba. A watan Afrilu aka sake su, aka zauna shawara, gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa, ta kuma sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta.

Nasara ce babba, amma yawancin gidajen Agye da Gidan Runji ba su da famfo ko wayar lantarki. Abin da ke damunsu shi ne hatsi. Manoman da suka sayar da amfaninsu da araha da kaka domin biyan bashi, su ne suka dawo kasuwa da bazara suna neman sayensa. Farashi ya hau a Najeriya ma, hatsi ya riƙa tsallaka iyaka. Zuwa watan Yuli buhu mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka zaɓi sayar da hatsi a kan rahusa, jika 10 buhu, maimakon rabawa kyauta, don gudun kada a ɓata kasuwa. Amma wanda ya riga ya sayar da tumakinsa ba shi da ko jika 10 ɗin. Mata suka koma ga tafasa, jiga da anza. Sai a watan Agusta aka soma rabon cimaka kyauta gadan-gadan.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta buɗe cibiyoyi a Maraɗi, Agye da wasu garuruwa, ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu matsananciyar tamowa a ƙasar cikin wannan shekara, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yaran sun fi fitowa daga kudu, inda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

Abin da ya biyo baya

Wahalar ta sa an gyara wasu abubuwa. A 2006 gwamnati ta ayyana cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Aikin raya karkara na Agye, wanda asusun FIDA ya tallafa wa, ya kafa rumbunan cimaka a hannun mata, inda gida ke rantar hatsi lokacin noma ya maido da kaka da ɗan ƙari kaɗan, domin magidanci ya zauna ya nome gonarsa maimakon ya tafi ƙwadago a ta wani.

Rigimar haraji kuwa ta sake dawowa. Dokar kasafin kuɗin 2018 ta jawo jerin zanga-zanga, kuma ranar 25 ga Maris na wannan shekara aka kama Musa Cangari, Ali Idrisa, Nuhu Arzika da wasu, aka tsare su har watan Yuli. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, an zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, iyakar Najeriya kuma ta sake rufuwa na tsawon watanni.

Ba a raba gwamnati da lissafi, domin ƙasar da ke cin abin da ba ta samu ba, bashi ne zai mallake ta. Amma ya kamata ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi ya tambayi kansa, kafin ya soke wani tallafi ko ya ɗora wani haraji, nawa abin zai ƙara a kan tiyar hatsi a kasuwar Gazawa cikin watan Yuli. Haka nan ya kamata shugabannin ƙwadago su tuna cewa ƙarfin da suka samu a 2005 ya zo ne domin sun nemi abin da ya shafi kowa, mai albashi da marar albashi. Su kuma manoman da suka yi karatun yaƙi da jahilci, su ne za su iya riƙe littafin rumbun cimaka, su karanta takardar bashi kafin a dangwala hannu, su kuma kai kukan ƙauyensu gaban ƙaramar hukuma a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.