Land Cruiser, Patrol ko Lexus: Wace jif ce za ta iya da hanyar Madachi?

A watan Agustan da ya gabata wani ɗaurin aure ya kai ni Madachi, a ƙasar Rano. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka ko'ina, a ƙofar gidan da aka taru kuwa manyan jif uku ne a jere: farar Land Cruiser, baƙar Nissan Patrol, da wata Lexus LX 570 da mai ita ya taso da ita tun daga Abuja. Bayan an shafa fatiha an raba goro, sai kawuna, wanda ya haura shekara talatin yana fataucin hatsi tsakanin ƙauyukan Rano da Kibiya da kasuwar Dawanau, ya ja ni gefe ya nuna su da sandarsa.

"Kai da ka yi bokon har ƙarshensa," in ji shi, "cikin ukun nan wacce za ka ce in saya? Bayana ya gaji da akori-kura."

Na ce, "Kawu, ku ba ni mako biyu." Ya yi dariya, ya ce dama 'yan boko ba sa amsa tambaya ranar da aka yi ta.

Na nemi wa'adin ne domin abin ya fi ƙarfin zaɓen launi. Kuɗin da za a zuba a irin wannan mota, ko da ta hannu ce, ribar fataucin shekaru ne, kuma duk wanda ya zaga garejin Kano ya ga manyan motoci da aka ɗora kan duwatsu, ƙura ta rufe su, ana jiran wani ƙarfe da zai zo daga Dubai. Abin da na tattara wa kawu shi nake so in raba da mai karatu, domin na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Gasar da ke tsakanin Land Cruiser da Patrol ta girmi Najeriya mai 'yanci. Dukansu a 1951 aka fara ƙera su a Japan, a matsayin motocin aikin wahala masu kama da jif ɗin sojan Amurka, sai a 1954 Toyota ta raɗa wa tata sunan Land Cruiser. Daga baya ne, sa'ad da kuɗin mai ya bunƙasa a ƙasashen Larabawa, aka shiga cusa musu kujerun fata da na'urar sanyaya iska mai ƙarfi. Lexus LX kuwa Land Cruiser ce da aka yi wa kwalliyar sarauta: ƙashin bayansu ɗaya ne, kamfaninsu ɗaya. Wanda ya gane haka ya riga ya rage wa kansa rabin ruɗanin da dillalai ke jefa mutane a ciki.

Idan jin daɗin zama ake magana, sai in faɗi abin da masoya Toyota ba sa son ji: Patrol samfurin Y62, wadda aka fara fitarwa a 2010, ta fi Land Cruiser ta zamaninta taushi da yalwa. Dalilin a ƙarƙashin motar yake. Kowace taya ta Patrol tana motsi ita kaɗai, alhali tayoyin baya na Land Cruiser a kan ƙarfe guda suke, ta yadda idan ɗaya ta faɗa rami sai ɗayar ta ji a jikinta. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a Patrol ta haura mita 3, a Land Cruiser kuwa mita 2.85 ce, ma'aunin da Toyota ba ta sauya ba tun samfurin 1990. Saboda haka magidanci mai iyali da yawa zai ga bambanci a layin kujeru na uku, inda a Land Cruiser babban mutum kan zauna gwiwa a ƙirji. Sai dai wannan ƙarfe guda da ke rage taushi shi ne kuma ke jure lodi da gargada shekara da shekaru ba tare da tayoyi sun karkace ba. A kan kwalta daga Kano zuwa Bunkure Patrol ce sarauniya, amma da zarar an sauka burji, an ɗora buhuna biyar na samfurin masara a baya, lissafin ya fara juyawa.

Lexus ta fi su duka shiru da ƙawa, ba musu. Tana da na'urar da ke ɗaga motar ko sauke ta da ƙarfin ruwan mai, wadda ke sa tafiya ta zama kamar a kan katifa. Amma na'ura ce mai famfo da bututu da tukwanen iska, kuma tana tsufa. Ranar da ta gaza za ka ga motar ta durƙusa kamar raƙumi, kuɗin gyaranta kuwa sai ya sayi ƙaramar mota. Ƙari a kan haka, yawancin masu tsadar nan da manyan wili suke zuwa, inci 20 ko 21, da siririyar taya a kai. A titin Abuja abin sha'awa ne. A hanyar da ruwa ya zaizaye ya bar duwatsu a tsaye, siririyar taya ba ta da naman da za ta kare wili, sai ka fasa biyu a tafiya guda. Land Cruiser mai sauƙin kaya, mai wili inci 17 ko 18 da taya mai kauri, ta fi ta kwanciyar hankali a irin wannan wuri.

Wani zai ce, ina na Amurka da Ingila? Chevrolet Suburban, wadda sunanta ke kasuwa tun 1935, da 'yan uwanta Tahoe da Escalade, da Ford Expedition, babu mai kama ƙafarsu a faɗin ciki. An ƙera su ne domin shimfiɗaɗɗun titunan ƙasarsu, kuma Suburban ta kusa mita 6 a tsawo, ga ta da nauyi, ba ta jin daɗin lungu ko kwalbati mai tudu. Range Rover kuwa ta iya hawa duk inda aka nuna mata, sai dai a kan jakunkunan iska take tafiya, kwamfutocinta kuma suna da yawan ƙorafi. Na cire su daga lissafin kawu tun da wuri.

Batun ƙarko shi ne zuciyar maganar, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu ke yawan yin kuskure. Mujallun Turai da Amurka suna auna ƙarko da yawan lokutan da mota ta lalace. Mu a nan dole mu ƙara tambaya ta biyu: idan ta lalace, kwana nawa za ta yi kafin ta tashi? Motar da ke baci sau biyu a shekara amma bakaniken Rano ya san cikinta, kuma ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa kafin la'asar, ta fi amfani ga ɗan kasuwa a kan wadda ke baci sau ɗaya tak amma ta kwanta wata biyu a tsakiyar kaka. Toyota ta sanar a 2019 cewa ta sayar da Land Cruiser sama da miliyan 10 a duniya, kuma gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da rundunonin tsaro na yankinmu sun daɗe suna amfani da ita. Wannan yawa shi ya haifar da makanikai da suka ƙware a kanta, da kayan gyara sababbi da na hannu a kowane babban gari daga Kano har Maraɗi da Agadas. Injin Patrol mai silinda takwas da lita 5.6 ƙaƙƙarfa ne, masu hawan yashi a Dubai shaida ne, amma masu gyaransa a Arewa ba su kai na Toyota yawa ba, kayansa ma haka.

Kada kuma a ɗauka sunan kamfani laya ne. Land Cruiser samfurin 200, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021, ta yi suna ne da injin fetur da ba shi da tabo, wato na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Magajiyarta, samfurin 300, ta ajiye silinda takwas ta koma shida masu tabo biyu da giya goma, ta rage nauyi da kusan kilo 200. Nissan ma ta bi wannan hanya da sabuwar Patrol da ta ƙaddamar a Abu Dhabi a 2024. Sababbin injinan sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma ba sa yafe sakaci: suna son baƙin mai na ainihi, da juye a kan lokaci, da fetur mai tsabta. Ƙasar da a Fabrairun 2022 aka shigo mata da gurɓataccen fetur da ya kashe injina da dama, ƙasar da matafiyi kan sayi mai a galan a bakin hanya, ya kamata ta yi tunani sau biyu. A Amurka ma, a 2024, Toyota ta yi kiranye ga motoci kusan 102,000 na Tundra da Lexus LX 600 saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari cikin wannan sabon inji tun daga masana'anta, a 2025 kuma General Motors ta kira kusan 600,000 masu injin lita 6.2. Can ana aika wa mai mota takarda ya kawo a gyara kyauta. Motar da ta ratso teku ta sauya hannu uku kafin ta iso Kano, wa zai aika wa mai ita takarda?

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Tankin Patrol lita 140 yake ci. A farashin Naira 1,000, cika shi sau ɗaya Naira 140,000 ne, wato albashin wata biyu na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Injin silinda takwas, ko na wane kamfani ne, a cikin gari da na'urar sanyi a kunne yakan sha lita 20 ko kusa da haka a kilomita 100. Da na karanta wa kawu wannan lissafi ta waya, shiru ya yi har na zaci layin ya yanke.

A wajen daraja kuwa, abin lura shi ne farashin ranar sayarwa, domin ɗan kasuwa ba ya sayen abin da ba zai iya mayarwa kuɗi ba idan ta ɓaci. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, Land Cruiser ta zama tamkar ma'ajiyar dukiya: mai ita na iya samun mai saye cikin kwanaki. Patrol ta fi sauƙin saye a kasuwar hannu, kuma saboda wannan dalilin ne ta fi wuyar sayarwa. Wannan farin jini na Toyota shi ya jawo mata 'yan damfara. Akwai masu ɗaukar samfurin 2008 ko 2010 su sauya mata fitilu da bamba da sitiyari, ta fito da fuskar 2020, a mayar da agogon tafiya baya. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye a Amurka, aka yi gwanjonsu, aka busar aka fesa turare. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ita ce shaidar haihuwar mota, a na Amurka ma harafi na goma shi ke nuna shekara. A duba ta a jikin ƙarfe, a gwada da ta takarda. A kuma tabbatar da takardun kwastan, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma 'yar Kwatano mai arha ta sha zama ganima a shingen hanya.

Ba zan wuce ba sai na yi wata 'yar ratse. A Oktoban 2023 ƙasa ta ɗauki zafi da labarin jif ɗin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda jaridu suka ruwaito kowacce ta kai kimanin Naira miliyan 160, aka kuma tsallake kamfanonin gida irin su Innoson na Nnewi. Hujjar da wasunsu suka kawo ita ce hanyoyin mazaɓunsu sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Ta fuskar kanikanci gaskiya suka faɗa. Amma kawuna da guminsa zai sayi tasa, domin ya bi hanyar da ba shi aka ɗora wa gyaranta ba, su kuwa su ne masu zartar da kasafin kuɗin da ake gyaran hanya da shi. Matar da naƙuda ta kama a wani ƙauyen Kibiya cikin Agusta, a kan babur ko a bayan akori-kura za a fito da ita ta wannan hanyar dai.

Da mako biyu suka cika na je na same shi. Na ce idan lallai cikin ukun nan ne, ya nemi Land Cruiser samfurin 200 mai sauƙin kaya, ƙirar ƙasashen Larabawa, wadda aka tanadar wa zafi da ƙura, in da hali mai injin silinda shida na lita 4.0, domin irinsa ne a cikin wasu Prado kuma makanikanmu sun san shi ciki da bai. Da a Kano yake zaune, tafiyarsa duk a kwalta, da Patrol zan ce, ya more taushin ya riƙe canjin. Lexus kuwa ya bar wa mai ita. Na ƙara da abin da bai tambaye ni ba: kuɗin guda ɗaya zai iya sayen Hilux mai ƙofa huɗu don fatauci da Sienna don iyali, kuma babu ɗayansu da ke jan idon miyagu a hanya kamar babbar jif mai baƙin gilashi.

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Hilux ai ita ce akori-kurar da na ce maka na gaji da ita, an dai ƙara mata ƙofa."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

A makon jiya ya tura bakanikensa Kano ya duba wata farar Land Cruiser da dillali ya rantse samfurin 2018 ce. Yaron ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya karanto lambar shasi, aka bincika: 2009. Kawu ya biya shi kuɗin mota da na abinci, ya ce a dakata da maganar sai an sayar da shinkafar bana.